Daga Barikin Wawa Zuwa Birnin Yauri: Ina Kujerar Talaka a Kotu?

Yau sai kun yi haƙuri da ni, rubutun zai ɗan yi tsawo, domin magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Bara, ranar wata kasuwa a nan ƙasar Yauri, ina tsaye wajen masu kifi sai ihu ya tashi: ɓarawo, ɓarawo! Kafin ka ce kwabo an yi wa wani yaro rumfa, bai fi shekara ashirin ba, wai babur ya zo sata. Wani ya gangaro da taya, wani ya ruga neman fetur. Mu 'yan kaɗan muna roƙon a miƙa shi ga hukuma, ana mayar mana da martani cewa in an kai shi can, jibi ma a teburin mai shayi za mu gan shi. Ana cikin haka wani dattijo daga cikin Sarkawa ya kutsa tsakiya ya ɗaga murya ya ce, "Duk wanda ya gan shi da idonsa yana tura babur ɗin nan, ya fito ya tsaya kusa da ni ya rantse." Wallahi ko mutum ɗaya bai fito ba. Kowa ka tambaya sai ya ce ji ya yi an ce. Da ransa aka tafi da yaron.

Abu biyu na ɗauko daga wannan rana. Mutanenmu sun yanke ƙauna da abin da ke faruwa bayan an kama mai laifi, saboda ba sa ganinsa, ba sa jinsa, babu nasu a ciki. Sannan su waɗannan mutane da suka ɗauko taya, da aka tsayar da su aka ce kowa ya faɗi abin da ya gani, nan take suka dawo hayyacinsu. Wato talaka ya iya auna shaida, in dai an zaunar da shi an ɗora masa amana. Abin da dattijon nan ya yi, wasu ƙasashe sun mayar da shi doka.

A Ingila da Amurka, in an gurfanar da mutum kan babban laifi, ba alƙali kaɗai ke cewa ya aikata ko bai aikata ba. Ana zaƙulo mutum 12 daga cikin jama'ar gari, malamin makaranta, direba, mai shago, matar aure, su zauna tun daga farkon shari'a har ƙarshe. Su ake kira juri, gidajen rediyonmu kan ce masu taya alƙali yanke hukunci. A Amurka lauyoyin ɓangarorin biyu za su yi musu tambayoyi kafin su zauna, a cire wanda ya san mai laifi ko ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa. Alƙali shi ke faɗin abin da doka ta ce, shi ke hana shigo da shaidar da ba ta halatta ba, kuma galibi shi ke yanke yawan shekarun ɗauri. Su kuwa tambaya ɗaya ke gabansu: shaidar da aka kawo ta isa a ce mutumin nan ya aikata, ba tare da wata shakka mai ƙarfi ba? A Amurka, a babban laifi, sai bakinsu ya zo ɗaya dukkansu kafin a ce an same shi da laifi.

Da yawanmu mun bi shari'ar Derek Chauvin, ɗan sandan da ya danne wuyan George Floyd a Minneapolis a watan Mayun 2020. Mutanen gari 12 ne suka same shi da laifi ranar 20 ga Afrilun 2021, alƙali ya ba shi shekara 22 da rabi. Ranar 30 ga Mayun 2024 wasu mutum 12 a New York suka samu Donald Trump da laifuka 34, mutumin da ya riga ya shugabanci ƙasar. Ko kana son hukuncin ko ba ka so, ba ka da bakin cewa mutum ɗaya aka kira a waya da daddare.

To mu dawo gida. Mafi yawan matasanmu ba su san cewa shari'ar ta'addanci mafi girma a tarihin Najeriya a nan maƙwabtanmu aka yi ta ba, a barikin soja na Wawa kusa da New Bussa, ƙasar Borgu ta Jihar Neja. Ruwan Kainji ne kawai tsakaninmu. A watan Oktoban 2017 aka fara shari'ar mutum 1,669 da ake zargi da alaƙa da Boko Haram. Alƙalai huɗu na Babbar Kotun Tarayya aka kai. Zagayen farko a rufe aka yi shi, babu 'yan jarida, babu jama'a. Daga baya gwamnati ta sanar cewa an ɗaure mutum 45, an sallami 468. A zagaye na biyu, a Fabrairun 2018, aka ɗan buɗe ƙofa ga 'yan jarida da masu sa ido, a nan ne aka ɗaure Haruna Yahaya kan hannu a sace 'yan matan Chibok. Ƙungiyar Human Rights Watch da ta sa ido a kan wani zagaye na shari'ar ta koka cewa wasu shari'un ko minti 15 ba su kai ba, yawancin hujjar ikirarin wanda ake tuhuma ne kawai, kuma ba a ga waɗanda aka zalunta a wurin ba.

Ba alƙalan nake zargi ba. Mutum huɗu a kan mutum dubu da ɗari shida da wani abu, ko waye sai dai ya yi abin da zai iya. Amma ku dubi ɓarnar ta fuska biyu. Wanda aka ɗaure cikin minti goma sha, wataƙila manomi ne da aka kwaso a samame, ya shekara huɗu a tsare ya gaji ya amsa laifi don ya huta. Wanda aka sallama kuma, ko da a kan gaskiya aka sallame shi, uwar da aka yanka wa ɗa a Bama ko Gwoza ba za ta taɓa yarda ba, tunda ba ta gani ba, babu kuma wani irinta da ya zauna ya gani a madadinta. Gani ya kori ji. Shari'ar da aka yi a bayan waya da shingen soja, ko daidai take, ba ta kashe wutar da ke zuciyar mutane.

Kar mu ce abin na mutanen Borno ne. Ranar Alhamis 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, da rana tsaka suka kwashi ɗalibai da malamai. Kowa a ƙasar nan ya san sunan da aka ambata, Dogo Giɗe. Wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo, kusan shekara biyu a daji, wasu da goyo. Iyaye sun sayar da abin hannunsu, sun yi ta neman taimako a bainar jama'a. A Nuwamban 2025 kuma aka sake kwatanta irinta a makarantar 'yan mata ta Maga, ƙasar Zuru. Yanzu a ce gobe Allah Ya ba da sa'a an kamo waɗanda suka shirya harin Birnin Yauri da masu kai musu rahoto. Ina za a yi shari'ar? Laifin ta'addanci na Babbar Kotun Tarayya ne. Ko dai Abuja, ko bariki, da Turanci, a gaban mutum ɗaya. Uban yarinyar da ya sayar da gonarsa a rediyo zai ji sakamako, in ma ya ji.

Wani zai ce juri al'adar Turawa ce, ba tamu ba. Gaskiya ne daga Ingila ta zo, amma ba baƙuwa ba ce a Najeriya. An yi aiki da ita a Legas tun zamanin mulkin mallaka har zuwa shekarun 1970, lokacin soja, sannan aka soke. Mu kuma a Arewa muna da namu tsarin. A da, Sarki ba ya zama shari'ar kisa shi kaɗai, da majalisarsa yake zama, ga alƙalai ga malamai. A fiƙihun Malikiyya ba a karɓar shaidar mutum sai an tabbatar adali ne, kuma mutanen da suka san shi ake tambaya su tsarkake shi ko su soke shi. Ashe tun asali jama'ar gari suna da baki a cikin shari'a. Sai dai kar mu yi wa jiya kwalliyar da ba tata ba. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e saboda siyasa kawai, shi ya sa da gwamnatin soja ta rushe kotunan sarakuna ta karɓe na alƙalai a tsakanin 1967 da 1968, talakawa da yawa hamdala suka yi. Matsalar ita ce an cire majalisa, ba a sa kowa a gurbinta ba.

Akwai ma wata tsohuwar shari'a da ɗaliban lauya ke karantawa har yau, daga nan ƙasar Kebbi ta fito: shari'ar Tsofo Gubba da Hukumar En'e ta Gwandu, a 1947. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa mutumin hukuncin kisa saboda ya kashe wanda ke neman matarsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin, bisa hujjar cewa a dokar Turawa wanda aka tunzura har ya fita hayyacinsa ba a yi masa hukuncin kisan ganganci. Wannan taƙaddama na cikin abubuwan da suka kai ga kundin dokar laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960. Ku lura da tambayar da ke tsakiyar shari'ar: wane irin abu ne zai sa mutum mai hankali ya fita hayyacinsa? A Ingila juri ake yi wa wannan tambaya, domin amsarta tana cikin sanin halin mutane da al'adarsu.

Haka abubuwa da yawa suke a wannan yanki namu. Ku tuna jirgin ruwan da ya nitse a kusa da Wara ranar 26 ga Mayun 2021, ya tafi da rayuka masu yawan gaske. In irin wannan ta je kotu ana tambayar ko an yi wa jirgi lodin da ya fi ƙarfinsa, ko direba ya yi ganganci, ai Basarke da Bagunge da suka tashi a kan ruwa sun fi kowane littafi sanin amsa. Sun san inda kututturan itatuwan da dam ya shanye tun 1968 suke, sun san iskar da ba a fita a cikinta. Manomin Shanga ya san bambancin burtali da gona. Mai haƙar zinariya a Ngaski ya san yadda ake rabon rami. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu bari in faɗi abin da ya hana ni barci a kan wannan shawara, kada wani ya riga ni.

Na farko mu ne, 'yan siyasa. Na taɓa zama wakili a zaɓen fidda gwani, na ga yadda ake kwashe mutane a killace su a masauki, a karɓe wayoyi, kowa da farashinsa. Mutanen da na sani da sallah da azumi, na ga ambulan ta sauya musu ra'ayi kafin asuba. In mutum ɗari uku sun sayu, bakwai ko sha biyu fa? Duk ranar da ɗan wani babba ya shiga hannu, dillalai za su fara neman gidajen masu zaman. Wannan ba laifin wata jam'iyya ɗaya ba ne, har da tamu, har da ɓangarenmu.

Na biyu ƙabilanci da addini. A 1955 a Jihar Mississippi ta Amurka, wasu fararen fata biyu suka kashe Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14. Juri duk farare suka wanke su cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, bayan 'yan watanni mutanen suka faɗa wa wata mujalla da bakinsu cewa su suka kashe shi. Irin wannan tsoro na cikin dalilan da suka sa Afirka ta Kudu ta soke juri a 1969. Mu da ke zaune Gungawa, Kambari, Dukawa, Shangawa, Lopawa, Hausawa da Fulani, Musulmi da Kirista, dole mu tambayi kanmu: Bafulatanin da aka kamo daga ruga, in manoma zalla aka zaunar masa, zai samu adalci? Mafarautan nan 16 'yan Arewa da aka ƙone a Uromi ta Jihar Edo a Maris ɗin 2025, in 'yan garin ne kaɗai za su yi wa makasansu shari'a, me kuke zato?

Na uku tsoro. Mutumin da ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya haraji ga 'yan bindiga, ta yaya zai zauna a fili ya ce yaron Dogo Giɗe ya yi laifi, sannan ya koma ƙauye ya kwana?

Duk waɗannan gaskiya ne. Amma a duba da kyau, ukun nan babu wanda bai shafi alƙali ɗaya ba. Shi ma ɗan Adam ne, yana da ƙabila, yana da iyali da ake iya yi wa barazana, kuma sayen mutum ɗaya ya fi sayen bakwai sauƙi da rufin asiri. In kuma ana ganin abin na Turawa ne kawai ke iyawa, a leƙa Ghana. A can mutum bakwai ke zama da alƙali a shari'ar kisa. A watan Mayun 2017 mutanen garin Denkyira-Obuasi suka yi wa wani hafsan soja, Maxwell Mahama, rubdugu har ya mutu, wai sun zaci ɗan fashi ne. A Janairun 2024 juri ta samu mutum 12 da laifi, aka yi musu ɗaurin rai da rai, ta kuma wanke biyu. Talakawa ne suka hukunta talakawa 'yan uwansu a kan ɗaukar doka a hannu, kuma ba su yi kuɗin goro ba. Shari'ar ta ci shekara shida da wani abu, masu zaman juri a Ghana kuma sun sha yajin aiki kan rashin biyan alawus. Wato tsarin yana da nasa ciwon, amma yana tafiya.

Saboda haka ba cewa nake a kwafo na Amurka gaba ɗaya a dire mana ba. Ga abin da nake ganin za mu iya nema, kuma ina kira ga 'yan majalisarmu na Yauri, Ngaski da Shanga su kai shi zauren majalisar jiha a Birnin Kebbi, a kira jin ra'ayin jama'a, lauyoyi da malamai su zo su yi masa gyara.

Na ɗaya, a shari'ar kisa, garkuwa da mutane da fyaɗe da ke gaban Babbar Kotun Jiha, mutum bakwai daga cikin jama'a su zauna da alƙali. A matakin gwaji, ra'ayinsu ya zama shawara da za a rubuta a kundin shari'a a karanta a fili. Alƙali na iya saɓa musu, amma sai ya rubuta dalilinsa, kotun ɗaukaka ƙara ta gani.

Na biyu, ƙuri'a za a jefa a bainar jama'a daga rajistar masu zaɓe. Kada ciyaman ya kawo suna, kada hakimi ya kawo, kada jam'iyya ta kawo. Duk mai riƙe da muƙamin jam'iyya a cire shi, ni ne na farko. Haka jami'an tsaro da dangin ɓangarorin biyu.

Na uku, a gauraya. Jihar nan masarautu huɗu ne, Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru. In laifi ya faru a Ngaski, a ɗauko wasu daga nan saboda sanin ƙasa, wasu daga wata masarauta saboda kada sanayya ta yi aiki. Mata su shiga, kowane addini ya shiga, a kuma tanadi tafinta na gaske ga wanda Hausa ko Turanci ba su zauna masa ba.

Na huɗu, a biya su kuɗin mota da na abinci kafin su zauna, a ɓoye sunayensu a shari'ar 'yan bindiga, a kuma tanadi ɗauri mai tsanani ga mai ba su cin hanci da mai karɓa.

Na biyar na wakilanmu ne a Abuja. Tunda shari'ar ta'addanci ta fi ƙarfin jiha, su nema mana abu mai sauƙi: duk zaman da za a yi a Wawa ko wani wuri, a ware kujeru ga waɗanda aka zalunta da wakilan garuruwansu, a fassara musu, a bar 'yan jarida su kawo rahoto da Hausa.

Kafin a kai can, akwai wanda ba ya buƙatar sa hannun gwamna. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi a yi shari'ar laifi a bainar jama'a, kuma duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Ƙofar kotu a buɗe take, mu ne ba ma shiga. Muna iya cika mota goma mu raka ɗan takara sayen fom, amma ranar da ake shari'ar wanda ya yi wa yarinyar unguwarmu fyaɗe, uwarta ce kaɗai a benci. Shaidu ma guduwa suke yi, lauyan gwamnati ya rasa mai tsayawa, a kori ƙara, mu dawo majalisa muna cewa an ci kuɗi. Wani lokaci an ci ɗin. Wani lokaci kuwa mu muka kashe shari'ar da hannunmu.

Don haka ina roƙon shugabannin matasa na mazaɓu, namu da na sauran ɓangarori har da 'yan adawa, kowace mazaɓa ta ware mutum biyu masu natsuwa da za su riƙa halartar zaman kotu duk lokacin da ake babbar shari'a da ta shafi yankinsu. Ba tafi za su je yi ba, ba ihu ba. Su zauna su saurara, su dawo su faɗa wa jama'a abin da aka ce da ranar da aka ɗage. Ni na ɗauki alkawarin fara wannan daga mazaɓata, kuma abin da na gani zan kawo muku shi a nan yadda yake, ko da wanda ke cikin akwatin tuhuma ɗan gidanmu ne.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya zaunar da ƙasar Yauri da Jihar Kebbi lafiya. Amin.